Yadda Ake Nemo Tsohuwar Taswirar Tsaunuka da Kurmi, a Karanta Ta, a Yi Aiki da Ita

Masu karatu sun sha aiko mini da tambaya iri ɗaya: mutum yana son ya san yadda wani lungu na tsaunuka ko kurmi yake shekaru hamsin ko ɗari da suka wuce, inda tsohuwar turba ta bi, inda dajin ya tsaya, ko inda wani ƙauye da ya zama kufai yake, to daga ina zai fara? Wasu ɗalibai ne masu bincike, wasu ma'aikatan gandun daji ne, wasu kuma masu sha'awar hawan duwatsu. Taswirar da ake magana a kanta ita ce mai nuna tudu da kwari, wadda masu safiyo ke zana wa layukan tsayi. Ga matakan bi da bi, kuma ina roƙon a bi su a jere, domin mafi yawan kurakuran da ake yi suna zuwa ne daga tsallake mataki na huɗu a ruga zuwa na shida.

1. Tantance wurin da shekarun

Kafin ka buɗe kowace taska, rubuta abu uku a takarda: lambobin latitud da longitud na kusurwoyi huɗu na yankin da kake so, shekarun da kake nema, da duk sunayen da aka taɓa kiran wurin da su. Lambobin za ka same su kyauta a Google Earth ko OpenStreetMap. Sunayen kuwa su ne masu wahala, domin mai safiyo baƙo yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne da ƙa'idar rubutun harshensa, sai ka ga dutse ɗaya yana da suna daban a taswirar Ingilishi, da ta Faransanci, da ta Rashanci.

Gargaɗi: kada ka yi nema da sunan dutsen ko kurmin kaɗai. Sau da yawa ana raɗa wa fallen taswira sunan gari ko kogi mafi girma da ke cikinsa, kuma a wuri mai nisa da jama'a wannan garin yana iya kasancewa can a wata kusurwa, kilomita da dama daga inda kake nufi.

2. Zaɓi sikelin da ya dace

Sikeli shi ne ke gaya maka abin da taswira za ta iya nunawa. A 1:25,000, santimita 4 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa, kuma a nan ne ake ganin gida ɗaya ɗaya da ƙananan turbobi. A 1:50,000, santimita 2 ne kilomita 1. A 1:250,000, santimita 1 kilomita 2.5 ne, wato za ka ga manyan koguna da jerin tsaunuka, amma ƙorama da bukka ba su da wuri. Taswirorin da aka yi da awon Ingila sukan zo da inci ɗaya ga mil ɗaya, wato 1:63,360. Ga wurare masu nisa, sau da yawa 1:50,000 ko 1:100,000 ne mafi kyawun abin da aka taɓa yi, saboda hukumomi sun fi kashe kuɗi a kan birane da gonaki.

3. Nemo fallen a taskokin da suka dace

Hanya mafi sauri ita ce a fara da Old Maps Online, inda ake zana akwati a kan yankin, a zaɓi shekaru, sai ya jero abin da ɗakunan karatu da dama suke da shi. Daga nan sai a tafi taskar ƙasar da abin ya shafa. Hukumar USGS ta Amurka ta saka taswirorinta na 1884 zuwa 2006 a topoView, ana sauke su kyauta. A Siwizalan, hukumar safiyo ta swisstopo tana nuna taswirar Dufour ta 1845 zuwa 1865 da ta Siegfried wadda aka fara bugawa a 1870, kana iya jan shekaru gaba da baya kana ganin yadda kwarurukan Alps suka sauya. Hukumar IGN ta Faransa tana da Remonter le temps, mai ɗauke da taswirar Cassini ta ƙarni na 18 da ta soja ta ƙarni na 19. Ɗakin karatu na ƙasa na Sikotilan yana da tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar safiyon Birtaniya, kuma yana jera tsohuwa da sabuwa gefe da gefe. Safiyon soja uku na daular Habsburg, waɗanda suka rufe tsaunukan Karpat da gabashin Alps daga 1763 zuwa 1887, suna Arcanum Maps, inda kallo kyauta ne amma sauke falle mai inganci sai an biya.

Ga sassan Afirka, Asiya da Kudancin Amurka, wurare uku ne suka fi amfani. Na farko shi ne tarin Perry-Castañeda na Jami'ar Texas da ke Austin, wanda ke da jerin 1:250,000 na sojan Amurka. Na biyu su ne fallayen 1:50,000 na hukumar safiyon ƙasashen waje ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1946 ta kuma yi aikinta galibi da hotunan jirgin sama. Waɗannan da yawansu suna takarda har yanzu, a manyan ɗakunan karatu da ofisoshin safiyo na ƙasashen da aka zana. Na uku su ne taswirorin sojan Tarayyar Sobiyet, musamman 1:200,000, waɗanda suka rufe wurare masu ban mamaki, sai dai rubutunsu na Rashanci ne.

A kowace taska, fara neman taswirar jadawali, wato wadda ke nuna yadda aka yanka ƙasar falle falle da lambar kowanne. Ɗauki fallenka da dukan waɗanda ke maƙwabtaka da shi, domin tsauni ba ya bin iyakar takarda. Idan falle ɗaya yana da bugu uku ko huɗu, ɗauke su duka. Game da kuɗi, abin da ke intanet na hukumomin da na ambata galibi kyauta ne. Inda ake biya shi ne idan ka nemi ɗakin karatu ya yi maka sikanin falle na takarda, ko za ka buga shi a babbar takarda, ko za ka saka shi a littafi. Taswirorin USGS mallakar jama'a ne, na Ordnance Survey kuma haƙƙinsu yana faɗuwa bayan shekaru 50 da bugawa, amma ɗakin karatun da ya yi sikanin yana iya gindaya nasa sharaɗin, sai a karanta kafin a wallafa.

4. Karanta gefen takardar kafin ka kalli tsakiyarta

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa, saboda ido yana rugawa ne zuwa duwatsu da koguna. Ƙananan rubuce-rubucen da ke ƙasan falle da gefensa su ne ke gaya maka yawan amincin da za ka ba abin da ke tsakiya.

Fara da shekaru. Falle ɗaya yana iya ɗaukar shekara huɗu daban-daban: shekarar da aka yi safiyo ko aka ɗauki hoton jirgin sama, shekarar da aka je ƙasa aka duba, shekarar gyara, da shekarar bugu. Ta bugu ita ce mafi ƙarancin amfani gare ka. Idan an buga falle a 1968 daga hoton 1951, dajin da kake gani na 1951 ne. Gyara ma ba ya nufin an sake komai: sau da yawa hanyoyi da gine-gine kawai ake ƙarawa a bar layukan tsayi da iyakar daji yadda suke. A taswirorin USGS abin da aka ƙara daga hoto ba tare da an je wurin ba ana buga shi da shunayya, wanda ya sauƙaƙa ganewa.

Na biyu, duba yadda aka samo bayanin. Taswirori da yawa na soja suna da ɗan ƙaramin zane a gefe mai nuna sashen da aka auna da gaske, da wanda aka ɗauko daga tsohuwar taswira, da wanda aka cike da rahoton matafiya. A kurmi mai duhu wannan zanen ya fi mabuɗin alamomi daraja. Wanda ke zane daga hoton jirgin sama kan bishiyoyi yake gani, ƙasa a rufe take, saboda haka yana rage tsayin itatuwa ne da kintace, ƙoramun da ke ƙarƙashin inuwa kuma yana bin lanƙwasar kwari ne ya ja su. Inda gajimare ya rufe tsauni a ranar ɗaukar hoto, wani lokaci za ka tarar da fili fari da ɗan rubutu mai cewa gajimare. Mai zanen da ya bar wurin fari ya fi wanda ya cike shi gaskiya. Duk mai shakkar haka ya tuna da tsaunukan Kong, waɗanda James Rennell ya saka a taswirar Afirka ta Yamma a 1798, masu zane suka yi ta kwafar su kusan shekaru 90, sai da Louis-Gustave Binger ya taka wurin a tafiyarsa ta 1887 zuwa 1889 ya tarar babu su.

Na uku, duba tazarar layukan tsayi da abin da aka auna su da shi, mita ko ƙafa. Ƙafa 1 mita 0.3048 ce, kuma wanda ya karanta ƙafa 3,000 a matsayin mita ya ninka dutsensa fiye da sau uku.

Na huɗu, nemo datum, wato tushen lissafin da aka ɗora lambobin wuri a kansa. GPS na aiki da WGS 84, tsofaffin taswirori kuwa kowace ƙasa da nata: NAD 27 a Amurka, Pulkovo 1942 a na Sobiyet, datum na Tokyo a Japan. Bambancin yana kamawa daga gomiyoyin mita zuwa ɗaruruwa, na Tokyo ya kai wajen mita 400, wanda a tsauni ya isa ya kai mutum kwarin da ba shi yake nema ba.

Gargaɗi: ba kowace tsohuwar taswira ce ke ƙirga longitud daga Greenwich ba. Na Faransa da yawa daga Paris suke ƙirgawa, wanda ke digiri 2 da minti 20 gabas da Greenwich, wasunsu kuma suna raba da'ira gida 400 maimakon 360. Na Habsburg suna ƙirgawa daga tsibirin Ferro, digiri 17 da minti 40 yamma da Greenwich, sai an cire wannan adadin kafin lambar ta yi daidai da ta yau.

5. Samu hoto mai inganci

Idan taskar ta ba da GeoTIFF, wato hoton taswira mai ɗauke da lambobin wurinsa, ɗauke shi, domin an riga an ɗora shi a muhallinsa, aikinka ya ragu da rabi. Idan takarda ce a hannunka, a yi mata sikanin a babbar na'ura mai ɗaukar falle gaba ɗaya, a kan ɗigo 300 zuwa 400 a kowane inci, a ajiye a TIFF. Falle mai santimita 60 da 70 a ɗigo 400 yakan kai kusan megabait 300, sai a tanadi wurin ajiya. Ajiye na asali kada ka taɓa shi, ka yi aiki da kwafi.

Gargaɗi: kada a yanke gefen takardar a wurin sikanin, domin duk abin da aka faɗa a mataki na huɗu a can yake. Hoton waya kuma yana lanƙwasa gefuna, ya isa karatu amma bai isa awo ba.

6. Ɗora tsohuwar a kan ta yau

Manhajar QGIS kyauta ce, kuma tana da kayan aiki mai suna Georeferencer. Wanda ba ya son saka manhaja a kwamfutarsa zai iya yin aikin a MapWarper ta intanet. Aikin shi ne ka nuna wa manhajar wasu wurare a tsohuwar taswira ka gaya mata inda suke a duniya. Ni ina kiran waɗannan wurare turaku, domin a kansu ake ɗaure taswirar.

Idan fallen yana da lambobi a kusurwoyinsa kuma ka san datum ɗinsa, kusurwoyi huɗun da mahaɗun layukan da ke ciki su ne turakunka. Shigar da lambobin a datum na asali, ta hanyar zaɓar lambar EPSG ɗinsa, wato lambar da manhajar ke gane datum da ita, misali 4267 ga NAD 27 ko 4284 ga Pulkovo 1942, ka bar manhajar ta mayar da su zuwa 4326, wato WGS 84. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shigar da tsofaffin lambobi kamar na WGS 84 ne, sai taswirar ta zauna da kyau a ido alhali ta goce gaba ɗayanta zuwa gefe guda.

Idan babu lambobi, sai a koma ga abubuwan da ba sa motsi. Mafi kyau su ne alamun safiyo masu kusurwa uku da ke kan ƙololuwa, sai tsinin dutse, sai mahaɗar ƙoramu biyu a cikin kwazazzabo mai dutse inda ruwa ba shi da wurin kaucewa, sai tsofaffin gine-ginen dutse da gadoji idan an tabbatar ba a sake musu wuri ba. Waɗanda za a guje wa su ne lanƙwasar kogi a fili, bakin tafki, mahaɗar turbobin ƙafa, iyakar daji, da bakin ƙanƙarar tsauni. Dalilin a bayyane yake: su ne abubuwan da kake son ka ga ko sun motsa, kuma idan ka ɗaure taswirar a kansu ka share amsar da hannunka. Ƙanƙarar Rhône ta Siwizalan, alal misali, a tsakiyar ƙarni na 19 ta sauko har kusa da Gletsch a gindin kwari, yau kuwa ta janye can sama.

Baza turakun a dukan fallen, har da gefuna. A kurmi jarabawar ita ce a tara su duka a bakin kogi ɗaya inda ake da abin gani, sai sauran taswirar ta karkace. Fara da lissafi mai sauƙi, wanda QGIS ke kira Polynomial 1. Turaku 3 yake buƙata, amma ka ba shi 8 zuwa 12 domin ka ga wanda ya kauce. Polynomial 2 yana buƙatar aƙalla 6, Polynomial 3 kuma 10. Akwai kuma Thin Plate Spline, wanda ke miƙa taswirar kamar roba har kowane turke ya zauna daidai. Ina ba da shawarar a bar shi sai ƙarshe, domin yana nuna kuskure sifili ko da turken ba daidai yake ba, yana kuma ɓoye gurɓatar da ya kamata ka sani.

Game da yawan kuskuren da za a yarda da shi, yi lissafi da kaurin layi. Rabin milimita a 1:50,000 mita 25 ne a ƙasa, saboda haka idan turakunka sun kauce da mita 20 zuwa 30 aikin ya yi. Neman mita 5 daga irin wannan fallen ɓata lokaci ne. Idan turke ɗaya ya kauce da ɗaruruwan mita, duba shi da kyau kafin ka goge shi, watakila kai ka ɗauki ƙololuwar da ba ita ba, watakila kuma mai safiyon ne.

7. Karanta tudu da kwari

Layukan tsayi da suka matsu suna nuna gangare mai tsanani: idan tazararsu mita 20 ce kuma milimita 1 ne tsakaninsu a 1:50,000, ƙasa tana hawa mita 20 a cikin mita 50. Inda suka yi tsini a kan rafi, tsinin yana kallon inda ruwa ke fitowa. Layuka masu tsinke-tsinke marasa lamba siffa kawai suke nunawa, ba a auna su ba, kada a ciro tsayi daga gare su. Taswirorin da suka girmi layukan tsayi, irin ta Dufour, suna amfani da gajerun zane-zane masu bin gangare, inda duhu ke nufin tsananin gangare ko gefen inuwa. Suna da kyan gani, amma lambobin da aka rubuta a kan ƙololuwa ne kaɗai tsayin da za ka riƙe. Su ma lambobin suna da tushensu: na taswirar Siegfried sun ɗara na yau da mita 3.26, saboda daga baya an gyara tsayin dutsen da ke tashar ruwan Geneva wanda ake aunawa daga gare shi. Wanda bai san haka ba, zai ce tsaunukan Siwizalan duka sun lotsa.

8. Gwada da wata shaida

Kada ka ce daji ya ragu ko turba ta ɓace da shaidar falle ɗaya. Abin da hukuma ke kira daji yana sauyawa daga bugu zuwa bugu, wata tana shafa kore a kan duk wani sarƙaƙƙiya, wata sai itatuwa masu tsayi. Kwatanta layukan tsayi da bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya tara a Fabrairun 2000 kuma ake samu kyauta a tazarar mita 30, da sanin cewa a kurmi shi ma yawanci kan itatuwa ya auna. Ga iyakar daji, hotunan taurarin ɗan adam na Landsat sun faro daga 1972, na taurarin leƙen asiri na Corona kuma sun rufe 1960 zuwa 1972, an sake su ga jama'a a 1995, duka ana neman su a EarthExplorer, shafin USGS. Tsofaffin mazauna yankin su ne shaida ta uku, musamman a kan sunaye da kufai.

9. Idan za ka shiga dajin da ita

Fitar da aikinka a GeoTIFF ko GeoPDF ka saka a manhajar waya irin Avenza Maps ko QField, ka gwada ta ba tare da intanet ba tun kana gida. Buga kwafin takarda kuma ka saka a leda.

Gargaɗi: tsohuwar taswira abokiyar tafiya ce ta biyu, ta yau ce jagora. Gadar da aka zana a 1955 watakila ruwa ya tafi da ita, turbar kuma kurmi ya haɗiye. Kusurwar da aka rubuta a gefe tsakanin arewar kamfas da arewa ta gaskiya ta zamanin da aka yi taswirar ce, tana sauyawa kowace shekara, sai ka nemi ta bana a na'urar lissafin da ke shafin hukumar NOAA ta Amurka. Idan wurin gandun daji ne na hukuma ko yana kusa da iyakar ƙasa, nemi izini tukuna, ka kuma gaya wa wani inda ka nufa da ranar dawowarka.

10. Ajiya

Takardar asali a shimfiɗe ake ajiye ta, cikin babban fayil marar asid, nesa da rana da danshi. Kada a liƙe yagewa da salatif, kada a manne ta cikin roba da zafi, kuma fensir kaɗai ake matsowa da shi kusa da ita. A kwamfuta, ajiye fayil ɗin turakun tare da hoton, ka rubuta a gefe sunan fallen, lambarsa, bugunsa, shekarar safiyo, datum, taskar da ka samo shi, irin lissafin da ka zaɓa da yawan kuskuren da ya fito, sannan ka yi kwafi biyu a wurare daban-daban.